Rakiyar ɗan fari zuwa Yamai

Ana sallame sallar asuba muka kama hanyar tashar Maradi, ni da babban ɗana, shi rungume da jakar ordinatarsa, wato kwamfuta. Bari in fara gaya muku dalilin tafiyar, don kun san ni ba mai yawo ba ce. Shekara huɗu yaron nan yana rubutun ƙwadago a gida: ya buga wasannin bidiyo, na waya da na talabijin, ya rubuta ra'ayinsa da Faransanci, ya aika wa duk jaridar intanet da za ta karɓa. Wani watan a samu, wani watan shiru. Yanzu wata jarida a Yamai ta ɗauke shi aikin dindindin, da biro, wato ofis, da albashi. Mahaifinsa ya ce shi bai san aikin da ake kira wasa ba, yana ma zargin ƙanin caca ne. Ciwon ƙafa ya hana shi doguwar tafiya, sai ya ce in je in gano masa. Abin da na faɗa, a kansa zai yanke hukunci: ko yaron ya zauna, ko ya tattaro ya dawo. Shi kuwa yaron ya ce ba zai zauna ba sai da yardar ubansa.

Ga shi ɗan fari ne. A gidanmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ko doguwar hira ba ta yi da shi. Haka muka zauna kafaɗa da kafaɗa a cikin kar, babbar motar fasinja, yini guda, ni da carbi, shi da waya. A Galmi warin albasa ya cika motar, wata mata ta sayi buhu ta ajiye mini a kan ƙafa ba ko sannu. A Ƙonni muka karya da shayi da burodi, ana sayar mana da tsada don an san ba mu da lokacin ciniki. Shingen jandarmomi kuwa na daina ƙirgawa: a sauka, a nuna kati, a taka cikin rana, a sake hawa. Kafin Dogonduci bayana ya ƙage. A Doso muka haɗa azahar da la'asar, na duba ƙafafuna sun kumbura har takalmin ya ƙi shiga.

Dab da magariba muka shiga Yamai. Taksin garin nan sai mai haƙuri. Ka faɗi unguwa, direba ya dube ka ya ja motarsa, ko a'a ba zai ce maka ba. Na huɗu ne ya kai mu Lazaret, gidan ƙanwata, inda muka tarar da dambu da zogale ya sha mai da yaji. Na ci, na yi wa Allah godiya, na miƙe a tabarma.

Washegari muka je ganin ɗakin da ya kama a Banifandou, ɗaki ɗaya da famfo a tsakar gida. Daga nan muka wuce Babbar Kasuwa na saya masa bokiti da buta da labule. Mai labulen, da Hausarsa ta Zabarmawa, ya rantse wanki ba ya cin launin. Allah ya sa.

Rana ta uku ita ce ta aikina. Shi ya fita tun bakwai, ni na bi shi da hantsi. A ƙofar biron wani dattijon mai gadi ya tambaye ni sunan wanda na zo nema. Na ce sabon da ya zo daga Maradi, dogo, mai tabarau. Ya ce suna fa yake so. Na sunkuyar da kai. Sai ya yi murmushi ya ce, "Ɗan fari ne ke nan. Shiga, Hajiya, nima tawa uwar har ta rasu ba ta kira ni ba."

Na shiga. Manyan mutane, wasu da gemu, kowa ya ƙura wa allo ido yana danne-danne. Na ce a raina, abin da Malam, mahaifinsa, yake tsoro ke nan. Aka ba ni kujera a bayan yaron. Na sa ido in ga inda kuɗi ke wucewa daga hannu zuwa hannu, ban gani ba. Abin da na gani, wani ɗan mutum ne a allo yana tsallake katanga yana faɗowa. Yaron ya rubuta wani abu a littafi, ya koma farko. Ya sake, ya sake, har ni mai kallo na gaji, shi kuwa ko murmushi babu. Shugabarsu, mace ce da ba ta kai ni shekaru ba, ta zo ta ajiye masa rubutunsa na gwaji ya sha jan alƙalami, ta ce a gyara kafin azahar. Wanda a gida ba mai ce masa tashi ko zauna, na ji ya ce "to" kawai. Ta gaishe ni da ladabi, ta ce iyaye da yawa na karanta jaridarsu don sanin wasan da ya dace da yara da wanda ke cinye kuɗin mutane a ɓoye, kuma a kan wannan ne ta ga ƙoƙarinsa ta kira shi. Da aka kira salla, na ga ya ajiye komai ya ɗauki buta.

A tasha ranar komowata yaron ya durƙusa ya ce, "Inna, abin da kika gani kawai za ki faɗa masa." Na ce Allah ya tsare, ina kallon ƙasa.

Duk tsawon hanya ina juya maganar. In na ce wasa suke yi na tsaya nan, ban yi ƙarya ba, amma na zalunce shi. Da na iso, bayan na sha ruwa, Malam ya ce, "To, wasa ne ko aiki?" Na ba shi labari tiryan-tiryan, yana jiran sauran. Na daure na ce, "Malam, babu caca. Ɗanka yana da haƙuri, kuma ya iya aikinsa. Na ji daɗin ganinsa." Ya dube ni ya ce shekara ashirin da bakwai bai taɓa jin na yabe shi ba, don haka ba ya buƙatar wata shaida. Ya ce a miƙo masa waya ya kira yaron.

Na koyi cewa kunya ado ce, amma in aka ɗora maka shaida, amana ta fi ta nauyi. Na kuma koyi cewa Yamai da nisa take. Kwana uku ke nan ina gasa baya da ruwan zafi, ku sa ni a addu'a, ku sa yaron ma.