Matar da Ta Goge Allon Farfesa

Shekara ashirin da uku Iya Tsumma ta yi tana sharar bene na biyu a sashen kimiyya na jami'a, ba a taɓa cewa ga abin da ta ɓata ba. Ɗalibai ne suka raɗa mata sunan, saboda jiƙaƙƙen tsumman da ba ya sauka daga kafaɗarta. Ba ta iya karatu ba, don haka aka yi mata ƙa'ida mai sauƙi: duk allon da aka yi wa da'ira da jan alli a kusurwa, ba a taɓa shi. Ta riƙe ƙa'idar nan fiye da yadda wasu malaman suka riƙe lokacin shiga aji, kuma da wannan amanar take taƙama a duniya.

Allon wani Farfesa da ke benen ya yi wata bakwai da jar da'ira. Mutum ne mai son a saurare shi, in bai samu ɗalibi ba ko tsintsiya sai ya yi wa lacca. Ta haka Iya ta san abin da ke allon. Wai haske yana tafiya yana murɗawa kamar igiya, wani dama wani hagu, kuma akwai daidaito tsakaninsu da ba ya canzawa. Amma kusa da tauraro mai tsananin nauyi da ke juyawa, inda sararin kansa ya lanƙwashe, sai daidaiton ya karye, ɗaya ya rinjayi ɗaya. Girman rinjayen nan Farfesa ya ce ya lissafo.

"To, Allah ya shirya tsakaninsu, ranka ya daɗe," in ji Iya, ta ci gaba da shararta.

Farfesa ya cika baki har ya gayyato baƙi daga nesa su zo ranar Alhamis su gani. Ashe lissafin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Ranar Laraba da la'asar Iya ta hawo da bokiti, ta tarar da ƙofa a buɗe kaɗan. Da idonta ta ga Farfesa yana goge allon da hankicinsa, daga sama har ƙasa, gumi na zubo masa. Ta koma da baya a hankali, ta ɗauka aiki ya kammala.

Da safe ihunsa ta fara ji tun daga matakala.

"Wannan jahilar ta kashe ni! Wata bakwai!"

Aka kira ta gaban kwamiti, ta faɗi abin da ta gani. Shugaban sashe ya cire tabarau ya dube ta.

"Haba Iya, mutum zai goge guminsa da hannunsa? Ki ji tsoron Allah mana."

Aka yi dariya. Baƙin kuwa har dafa kafaɗar Farfesa suke suna ba shi haƙuri.

Mijin 'yarta shi ne direban Farfesa. Bai iya haɗa ido da ita ba, sai ya turo matarsa.

"Inna, don Allah ki ce ke ce. In kika ja da mutumin nan, baban yara ne zai bar aiki. Ke ai kin tsufa."

Wannan ta fi dariyar kwamiti yi mata ciwo. Washegari ta dangwala yatsa a takardar da ba ta san me ke ciki ba, aka karɓe mata makullai. Yaran gida aka ce musu ciwon gwiwa ne ya zaunar da ita.

Farfesa bai sake lissafin ba, wai zuciyarsa ta karaya. Sai ya mai da abin labarin da yake tarbar sababbin ɗalibai da shi duk shekara, yana ƙara masa gishiri.

Bayan shekara tara babbar jikarta ta samu shiga sashen. Ranar farko ta dawo baki har kunne, ta tarar da Iya tana ninke wanki.

"Kaka, yau mun sha dariya! Wai da akwai wata sakarar mai shara da ta goge aikin da zai girgiza duniya. Farfesa har kwaikwayon tafiyarta ya yi. Kin san ta kuwa, lokacin kina can?"

Iya ta dubi 'yarta, wadda ke bakin ƙofa. 'Yar ta sunkuyar da kai.

"Na san ta," in ji Iya.

"Da gaske haka take?"

"Haka take."