Mai Bokiti Marar Gindi

Kowace Litinin, kafin rana ta yi zafi, akan ga wani siririn dattijo yana tura keke a tsakanin gonakinmu na rani. A bayan keken akwai igiya mai ƙulli-ƙulli da guntun ƙarfe a bakinta, da littafi cikin leda, da bokitin da aka yanke wa gindi. Ma'aikacin ofishin ruwa ne, mu kuwa Mai Igiya muke ce masa. Rijiyoyinmu goma sha huɗu yake bi, ya zura igiyar, ya kasa kunne har ƙarfen ya taɓa ruwa, ya rubuta. Sannan ya kafa bokitin a ƙasa, ya cika shi, ya zauna da agogo a hannu yana duban yadda ƙasa ke shanyewa. Shekara ashirin da tara, shi kaɗai.

"Malam, ƙasar ta ƙoshi ko a ƙaro mata?" in ji wata tsohuwa mai cirar ciyawa.

"Ta gabas ta ƙoshi, Inna. Ta yamma ce mai haɗama."

Ofishinsa yana ƙarshen baranda, kujera ɗaya ce a ciki, domin ba a kai masa ziyara. Can yake zuba lambobinsa a na'ura mai ƙwaƙwalwa, ta zana masa hanyar da ruwa ke bi a ƙarƙashin ƙafafunmu. Tun rasuwar matarsa, a nan yake cin abincin rana, fuskarsa ga bango.

Akwai kwari mai yashi a bayan gonakinmu, inda ruwan sama ke taruwa, kwana uku ya ɓace. Wata shekara muka ce asara ce, muka shirya daɓe shi da laka ya zama tafki. Sai ga Mai Igiya da akwatin gilashi cike da yashi da laka da tsakuwa, hawa-hawa. Ya ɗiga shuni a sama, muka ga yana gangarawa a hankali, yana karkata gefe.

"Ruwan nan bai ɓata ba, tafiya yake yi," in ji shi. "Wata biyar yake yi kafin ya iso rijiyoyinku. In kun daɓe, kun rufe masa ƙofa."

"Mai zuba ruwa a bokiti marar gindi ne zai koya mana tattali?"

Ni na faɗi haka, kuma dariyar da aka yi ta yi mini daɗi. Muka daɓe kwarin, muka daina amsa gaisuwarsa. Bai fasa zuwa ba. Ya ce rijiyar farko za ta ƙafe a tsakiyar rani na biyu, haka kuwa aka yi. Shida suka bi ta, albasa ta kwanta a kwami. Muka fasa daɓen da diga, kowa kansa a sunkuye. Da ruwa ya dawo, aka ce albarkar damina ce. Babu wanda ya taka zuwa ƙarshen barandar nan.

Sai da furfura ta cika mini kai na koyi karatu, na roƙe shi littafin waccan shekarar. Na bi shi da yatsa, Litinin bayan Litinin, ina neman inda ya ambace mu da sharri. Lambobi kawai na tarar.

Kai ne kunnen rijiya, Mai Igiya. Kai ne ka ji abin da ƙasa ke faɗa lokacin da muke surutu. Wannan watan ka ajiye aiki, gwiwa ta gaza, kuma ba a aiko da madadinka ba. Na tambaye ka wa zai auna, ka ce: "Yaya, ruwa ba ya hutu. In littafin ya tsinke, makafi za ku koma."

Mun gode, ka yafe mana. Allah ya shayar da kai kamar yadda ka shayar da mu.

Jama'a, ya bar mini igiyar da bokitin, kuma jibi Litinin. Rubutu na iya, amma kunnena ya yi nauyi, ba na jin ƙarfe in ya taɓa ruwa. Duk mai kunne ya same ni a bakin rijiyar farko.