Hannuna na Hagu a Shekarar da Aka Rufe Gada

Albasa nake sayarwa a kasuwar Malanville. Ba na son magana a hargitse, don haka zan faɗi abin yadda ya zo, bi da bi.

Da farko aka rufe gadar da ke tsakaninmu da Gaya. Masu saye daga Gaya suka daina zuwa, motar maigidana ta shiga layin masu jira a bakin duwan, wato kwastan, ni kuma ina da rumfa cike da albasar ƙauyen Garou. Albasa ba ta jiran ciniki. Kowace safiya sai an zazzage buhu, an baza, an tsince ruɓaɓɓu, in ba haka ba guda ɗaya ta ɓata goma.

Bayan haka na sallami 'yan dakona biyu, saboda abin da nake ba su shi ne cefanen gidana. Na ce aikin da na yi ina budurwa ba zai gagare ni ba, alhali shekara ashirin rabona da ɗora kaya a ka. Sai in fito da sanyin safiya kafin kasuwa ta cika, in yi ta jigila da babbar tasa daga rumfa zuwa bakin hanya. Gammo kuwa ban yi ba. A wurinmu in aka ga gammo kusa da mai rumfa, an san ta karye, kuma manoma ba su kai wa karyayye kaya.

A mako na uku hannuna na hagu ya fara nauyi. Yatsu biyu suka mutu, wuya ya ƙi juyawa. Ran wata Alhamis na zo kabbara, hannun ya tsaya a ƙirji.

Mahaifiyata da hannu nata ya fara. Daga nan baki ya karkace, ta yi shekara huɗu a kwance muna juya ta. Ni na yi jinyarta, na san warin ɗakin. Yanzu ga ni da 'ya'ya biyar da miji marar aiki. In na kwanta, wa zai juya ni, wa zai juya albasa? Ban gaya wa kowa ba. Na ɓoye hannun cikin mayafi, ina duba bakina a madubi sau biyar a yini. Asibiti ma na ƙi zuwa. Na ce wa kaina babu kuɗi ne, amma gaskiya tsoron abin da za a faɗa mini nake yi.

Akwai wata tsohuwa a unguwarmu, ungozoma, ita ta yi mini tausar jego a haihuwata duka. Ta shigo ɗibar wuta ta same ni ina fama da ɗankwali da hannu ɗaya. Ta tsaya tana kallo.

"Haihuwa kin ka yi ba ki kira ni ba?"

"Inna, a bar wasa."

"To mi ya samu hannun?"

"Irin na tsohuwata ne," na ce.

"Ke ce lokotoron asibiti yanzu? Yi mini dariya in gani."

Na yaƙe haƙora. Ta duba bakin hagu da dama, ta sa na matse yatsanta, ta sa na taka zuwa ƙofa na dawo. Sannan ta ce in dafa ruwa in kawo man kaɗe.

Tana da tsari, abin da ya sa na yarda da ita ke nan. Ta fara gasa kafaɗar da tsumma mai zafi. Ta shafa man. Ta bi bayan wuya da babban yatsa a hankali, har ta kai wani wuri tsakanin wuya da kafaɗa mai tauri kamar ƙwallon goruba. Da ta danna, zafi ya sauka har cikin yatsun da suka mutu. Na yi ƙara. Ta ce, "Madalla, matacce ba shi kuka."

Ta shafa tsakiyar kaina, ta ji kumburi.

"Kaya kike ɗauka. Ina gammo?"

Na ce ban yi ba.

"Kin ji kunyar tsumma, kin ba da wuyanki. Ɗiyata, girman kai ma kaya ne, shi ma babu gammo kin ka ɗauke shi."

Ina kife a tabarma hawaye suka zo, na kasa tsayar da su, ita kuma ba ta daina murzawa ba. Ranar na yi barcin rana, na farko tun da aka rufe gada.

Kwana bakwai tana zuwa bayan hantsi. A na uku wuya ya juya. A na shida hannu ya kai kunne. Kuɗi ta ƙi karɓa, ta ce in ba ta albasar da ta fara tsiro, miya ba ta tambaya. Amma ta kafa sharaɗi: in je a auna jinina, don hannunta jijiya ya sani, bai san abin da ke gudu a cikinta ba.

Na hau kabu-kabu na je asibiti, aka auna ni. Lokotoro ya ce ba shanyewar jiki ba ce, amma jinin ya hau, kuma da tarihin mahaifiyata bai kamata in yi wasa ba. Ya rubuta ƙwayoyi, ya hana ni ɗaukar kaya.

Washegari na karyar da rabin albasar a kan asara, a gaban kowa, na kira ɗan dako ɗaya ya dawo. Ƙaramin yatsan bai farfaɗo duka ba har yau.