Khalidu, Wanda Ya Yi Wa Motar Gawa Sabon Ƙasa

Na Allah ne mu, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 11 ga Yuni, 2024, bayan la'asar, aka ƙwanƙwasa mini ƙofa aka ce Khalidu mai walda na unguwar Akwatia Line ya rasu. Ciwon kwana uku. Bai cika hamsin ba.

Khalidu, duk wanda ya kawo maka motar da tsatsa ta huda ya san halinka. Ba ka shafe rami da fila ka rufe da fenti. Sai ka bi jikin motar da ƙaramar guduma kana saurare, ka yanke ruɓaɓɓen wurin har ka kai ga ƙarfe mai lafiya, ka auna da kwali, ka dasa sabo. Direbobin trotro, motocin hayarmu, suna ƙorafin jinkirinka, kuma wurinka suke dawowa.

Bara ka ɗauki gyaran motar gawa ta masallacinmu. Ƙasanta ya cinye har ana hango kwalta ta ƙarƙashin makara. Mako biyu ka yi a kwance ƙarƙashinta, ni kuwa kullum ina zaune a bencinka, domin ɗakina ba mai magana tun da matata Rahama ta rasu.

Na ce maka, "Gyara ta da kyau, ni ne fasinja na gaba. Kada in zube a hanyar maƙabartar Tafo."

Ka ɗage gilashin walda kana dariya. "Baaba, ko ta huje ina riƙe da kai. Ni zan shiga rami in karɓe ka."

Ka san ba ni da ɗa, ba ni da ƙane a raye. Tun ranar na daina tunanin wanda zai sa ni a kabari. Barcina ma ya gyaru.

Ranar Laraba aka ɗaga ni aka sa a bayan motar, kusa da kai. Ƙafafuna suna kan ƙarfen da ka dasa. Na duba, ban ga kwalta ba ko kaɗan. A maƙabarta ba ni da ƙarfin shiga rami in karɓe ka. Ƙasa kawai na zuba.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Barakatu matar Khalidu, ke da 'ya'yanki, Allah Ya ba ku haƙuri. Ni kuma, Allah Ya kawo mini mai karɓa.

Iddi Bawah, tsohon malamin makaranta, Zangon Kumasi