Robar Hannun Babur

Ran Lahadi da safe, gajimare na yawo tsakanin itatuwa a kan dutsen da masu babura ke yada zango. Wata mata tana durƙushe gaban baburinta. Za ta yi shekara sittin, 'yar firit, furfura na leƙowa ta ƙasan hular kwano. Da tsohon buroshin haƙori take goge sarƙa, gaɓa bayan gaɓa, kamar mai taje kan jikarta.

Baburin haɗin hannu ne. An rage tsayin sirdi don ƙafarta ta kai ƙasa, tankin ya sha fenti kalar ganyen shayi, layar haikali na lilo a jikin madubi. Komai sabo fil, ban da robar hannu, wadda ta suɗe, ta lotsa daidai yatsun da suka fi nata girma.

Tsoho Kuwabara, bakaniken da ba ya gani ya ƙyale, ya tsaya a kanta.

"Yaya, man sarƙar ya yi yawa, ƙasa zai kwasa. Kuma kafin ki yi mafarkin sabon bututun salansa, canza robar nan, ta gama aiki."

"Na sani," in ji ta, ba ta ɗago ba. "Shekara talatin ina zaune a baya, ina kallon hannun maigidana da ya cinye ta."

Da alama mai hannun ba zai ƙara hawa dutsen nan ba.

Ta miƙe, ta hau, ta jera yatsunta ɗaya bayan ɗaya a gurbin nasa. Sannan ta tayar da injin.