Tseren da Ya Kai Kawu Yahuza Miga

Kawu Yahuza, ƙanen mahaifiyarmu, mutumin Jahun ne, amma Dutse ta san shi tun shekarar da Jigawa ta zama jiha. Ya zo da akwatin ƙarfe ɗaya da yatsun da suka goge a tafireta, aka ɗauke shi mai buga takardu a wata ma'aikata. A 1995 aka ajiye masa kwamfuta, irin wadda ake kira 486, aka tura tafiretar ƙarƙashin tebur. Wata uku yana gumi kafin su saba. Allonta shuɗi ne, komai da maɓallai ake yi, kuma a gaban akwatinta akwai wata koriyar lamba, 66, da yake dubawa kowace safiya kamar mai duba lafiyar saniya.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a aka kawo sabuwa, Pentium ta uku, aka ba Malama Luba, wadda ta yi kwas ɗin kwamfuta a Kano. Ba a yi mako ba darakta, Alhaji Isah, ya ce ofishinsu na Miga na neman na'ura da mai buga takardu.

"Wadda ta fi nawa wajen aiki ita za ta tafi," in ji shi, "da mai ita."

Kawu ya tuna da gida. 'Ya'yansa huɗu duk a Dutse suke makaranta, ga mahaifiyarsa a gidansa, ba ta iya tashi sai an kama ta.

Ɗanladi, mai gyaran da ya kawo sabuwar, ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ba sai an gwada ba. Wannan sittin da shida ce, waccan ɗari biyar."

"Ɗari biyar ɗin me?"

"Na gudu."

"Gudu zuwa ina? Tun ɗazu a kan tebur nake ganinta."

Alhaji Isah tsohon hedimasta ne, bai taɓa ba kowa maki ba tare da jarrabawa ba. Ya kwance agogonsa, ya raba musu wasiƙa iri ɗaya, ya ce bisimilla.

Kawu ya gama a minti huɗu. Luba ta gama a shida.

"To, kun gani," in ji darakta. "Tsohuwar ta ci."

Da Kawu ya yi shiru, da shi ke nan. Amma ya dubi Luba ta sunkuyar da kai, ga ta da goyo, ya dubi yatsunsa, abin ya tsaya masa a rai. Shi ne ya ci, ko na'urar? In shi ne, da wane haƙƙi za a kori baiwar Allah?

"Ranka ya daɗe, ina jin hannu aka gwada, ba inji ba. A bari mu yi musaya."

Aka yi musaya. Kawu ya zauna gaban sabuwar, ya tarar da wani ɗan abu mai jela da ake ja a kan tebur, wai linzami. Ya ja shi dama, kibiyar ta ɓace. Ya ɗaga shi sama yana leƙen cikinsa.

"Malam Yahuza, ba kaza ba ce, ajiye shi," in ji Ɗanladi.

Da ƙyar ya gama a minti goma sha ɗaya. Ita kuwa Luba tana gaban shuɗin allo tana laluben linzamin da babu.

"Baba, ta ina ake shiga wannan abar taka?"

Har aka kira azahar ba ta shiga ba.

Alhaji Isah ya rubuta sakamakon, ya juya takardar, ya sake juyawa. Tsohuwar ta zo ta ɗaya, kuma ta zo ta ƙarshe. Sabuwar ta fi ta, kuma ba ta kai ta ba. Ɗanladi ya ce a ba su lissafi mai nauyi a gani, darakta ya ce shi wasiƙa yake aikawa, ba lissafi ba. Suna cikin haka direban ofis ya leƙo da mukulli.

"Wai Miga za a kai? Ofishin can rabonsa da wuta tun damina."

Can sai fuskar darakta ta washe, ya nuna ƙarƙashin tebur.

"Alhamdu lillahi. Duk na'urorin su zauna, a kai tafireta. Wa ya iya ta?"

Luba ba ta taɓa ko taɓa ta ba.

Shekara shida Kawu ya yi a Miga. Ranar Juma'a da yamma yake hawo motar haya ya zo ya ga mahaifiyarsa, Litinin da sassafe ya koma. Bai taɓa zagin darakta ba, Luba kuwa duk Sallah sai ta aiko masa da turare. Takardar sakamakon ya roƙa aka ba shi, tana nan a gidan har yau. Duk wanda ya zo aka ce ya karanci kwamfuta, sai Kawu ya sa a ɗauko ta, ya miƙa masa.

"Ɗan nan, ban ce ka dawo da ni Dutse ba, na riga na dawo. Dubi lambobin nan kawai, tsakani da Allah: wacce ta ci?"