Ragowar Baƙuwa

Duk wanda ya bi ta tashar motar Bawku a shekarun casa'in da 'yan kai ya san Mma Rafi'atu mai shinkafa da wake. Doguwa ce, ba ta da fara'a, ba ta kuma cin mutuncin kowa. Direbobi suna tsokanarta cewa ta fi soja ɗaure fuska, ita kuwa sai ta ci gaba da zuba miya kamar da wani ake. Ba 'yar Bawku ba ce. A Yendi aka haife ta, a gidan malamai, aka kai ta aure Salaga, kuma abin da ya raba ta da Salaga ya faru ne a 1983.

A shekarar nan ruwa ya ƙi sauka. Wutar daji ta bi gonakin doya tun daga wajajen Kpandai, ta cinye har irin shuka. Mijinta Karimu yana cikin waɗanda aka koro daga Legas. Ya dawo da rediyo da tabarma, ya ga babu abin yi, ya wuce Kumasi neman aiki. Ya bar ta da 'yarsu Adisa mai shekara huɗu, a hannun mahaifinsa Alhaji Mutaru.

Kakannin Alhaji Mutaru masu masaukin fatake ne tun zamanin da goro yake goro. Fatake sun daɗe da daina zuwa, ɗakunan baƙi sun zama na jemagu, amma tsohon bai ji labari ba. Kullum yana zaure da babbar riga mai faci, yana jiran baƙo. Mutum ne mai kirki, wannan gaskiya ne. Sai dai kirkin nasa daga tukunyar wata yake fitowa, shi kuwa bai taɓa leƙa tukunyar ba.

Ana cikin haka Allah ya kawo masa baƙuwa. Wata ɗalibar aikin gona ce daga Jamus, sunanta Hilda, makarantarsu ta turo ta ta yi 'yan watanni tana koyon aiki a ofishin gona. Ofishin ba shi da masauki, sai aka kawo ta gidan da kowa ya san ba a mayar da baƙo. Da ta fito da kuɗi don ta biya na abinci, Alhaji ya kau da kai kamar an zage shi.

"Ku gaya masa," in ji shi da Hausar Zango wadda ba ta damu da mace ko namiji ba, "gidan nan baƙo ba shi biyan tuwo."

Hilda ta ba unguwa dariya. Ta miƙa wa liman hannun hagu. Ta faɗi da keke a bakin rijiya, ta tashi tana ba keken haƙuri. Rana ta gasa ta ta yi jawur, sauro ya mayar da ƙafafunta gonarsa. Amma tana da naci. Ta koyi durƙusawa ta gai da manya, ta koyi wanka da rabin bokiti, ta koyi cewa in direba ya ce yanzu za a tashi, to ta nemi inuwa ta kwanta. Rafi'atu ta so ta, kuma son nan ya ƙara wa abin ciwo.

A gidajen Zango baƙo shi kaɗai yake cin abinci. Ana cika masa kwano har murfi, ya ci ya rage, ragowar nan kuwa ta yaran gida ce. Ba a koya wa kowa wannan, da shi ake tashi. A shekarar wadata ragowar baƙo kwaɗayi ce kawai. A wannan shekara ita ce cimar Adisa, domin in an cika kwanon baƙuwa, an ɗibar wa tsoho nasa, abin da ke saura a tukunya ƙanzo ne.

Hilda ba ta ragewa. A gidansu kakarta da ta ga yunwar yaƙi ta hore ta cewa barin abinci cin fuska ne ga wadda ta dafa. Saboda haka take cinyewa tas, ta suɗe kwano da yatsa kamar yadda ta ga ana yi, ta kawo shi madafa da kanta tana murmushi.

"Na gode, Mma. Da daɗi."

Ba daɗin komai. Kokonte ne, tuwon busasshen rogo, baƙi ƙirin, da miyar kuka marar nama. Rafi'atu ta sha hango ta tana runtse ido tana haɗiya da ƙyar, tana tura loma ta ƙarshe don kada ta ɓata wa mai gida rai. Adisa kuwa tana bayan turmi tana ƙirga lomar da ido.

Rafi'atu ta yi dabara. Ta rage zubi, ta ajiye malmala ɗaya a ƙoƙo. Amma ta zaure kwanon yake bi, tsoho ya ɗaga murfi ya gani.

"Ke Rafi'atu! Kwanon ubana ne wannan za ki kai wa baƙo rabi? So kike a ce gidan Mutaru ya mutu?"

"Baba, garin ya kusa ƙarewa. Yarinyar nan..."

"Baƙo zai rage masa. Haka aka yi mu duka."

Ta koma ta cika. Wata rana ta tura Adisa ta zauna a ƙofar ɗakin baƙuwa, ko Allah zai sa ta gane. Hilda ta yi murna da samun ƙawa, ta ba yarinyar biro da takarda ta yi zane, ta ci gaba da cin tuwonta. Tsoho ya hango, ya daka wa yarinyar tsawa: ɗan gidan mutunci ba ya kallon bakin baƙo.

Mai ji zai ce me ya hana ta buɗe baki ta faɗa. Da wane baki? Turancinta bai wuce na ciniki ba, Hausar Hilda ba ta wuce gaisuwa ba. Ko da ma suna jin juna, Rafi'atu 'yar malamai ce, an rene ta a kan cewa gara mace ta haɗiyi garwashi da ta ce wa baƙo ya cika ci. Sai ta riƙa ba Adisa nata rabon, ita ta sha ruwa ta ɗaure ciki da ɗankwali. Bai isa ba. Gashin yarinyar ya soma yin ja, ƙafafunta suka kumbura, ta daina wasa. Abin da ya rage mata shi ne ƙwan wata zabuwa guda da ta tsira a gidan.

Da damina ta ɗan leƙo, ofis ya tura Hilda zagayen ganin rumbuna, daga Yendi har Bawku. Rafi'atu ta yi hamdala a ranta, ta kuma ji kunyar hamdalar. Ashe da saura. Alhaji ya ce baƙon gidansa ba ya kama hanya babu guzuri, ya sa aka yanka zabuwar. Rafi'atu ce ta fige ta, ta soya, ta ƙunshe a ganye. Ta raka Hilda tasha, ta ga ta hau bayan wata tsohuwar lori ta zauna a kan buhunan gawayi kamar wadda aka haifa a kai. Ta yi mata kwatancen gidan yayarta Zenabu a Yendi, ta ce ta sauka can.

Abin da ya faru a Yendi, Zenabu ce ta ba ta labari daga baya. Zenabu 'yar kasuwa ce, ba ta da kunyar baki, tana kuma jin Turanci. Ta ga baƙuwa tana shirin suɗe kwano alhali yara uku suna raɓe a bango, sai ta riƙe mata wuyan hannu.

"Madam, ƙasarku babu yara ne? In ka cinye, su me za su ci?"

Hilda ta dubi yaran, ta dubi kwanon. Zenabu ta ce ta ga fuskar baturiya ta sake launi, sannan Hilda ta tambaya a hankali ko a Salaga ma haka ake yi. Da aka ce mata ko'ina haka ne, ta fita bayan gida ta yi ta amai.

Hilda ta so ta juya nan take, amma babu motar Salaga, babu kuma hatsin saye a Yendi. Aka ce mata a Bawku ana samun gero da ke shigowa ta iyaka. Ta bi ta Nalerigu, mota ta lalace a hawan dutse, suka taka da ƙafa. Ta sami rabin buhu a Bawku, ta yi ta kwana a tasha tana gadinsa, yau babu fetur, gobe babu taya, jibi ruwa ya yanke hanya.

Kafin ta dawo ƙyanda ta shiga unguwarsu a Salaga. Yara da yawa sun kwanta, da yawa sun tashi. Adisa ba ta da jikin da za ta yi faɗa da ciwo. Ta rasu da hantsi a kan cinyar uwarta, ba ta ma yi kuka ba. Mutane suka ce kwana ne ya ƙare, Rafi'atu ta ce haka ne.

A ranar nan Hilda ta iso da la'asar, ta rame ta yi duhu, da buhu a kan keken haya. Tun daga zaure take tambayar Adisa. Alhaji ya ce lafiya lau, ta shiga ta huta, domin ba a tarar matafiyi da mugun labari sai ya sha ruwa ya ci abinci. Ya aika ciki a cika kwano. Rafi'atu ta tuƙa, ta cika har murfi, ta kai.

Ba a jima ba sai ga Hilda a ƙofar madafa. Loma biyu ko uku ta yi, sauran tuwon yana nan da zafinsa. Ta durƙusa ta miƙa kwanon da hannu biyu, idonta cike da ƙwalla, ta faɗi abin da ta yi ta maimaitawa tun daga Yendi don kada ta yi kuskure.

"Mma, na rage. Na Adisa."

Rafi'atu ta karɓa. Ba ta ji haushin baƙuwar ba ko kaɗan, tausayinta ma ta ji. Ta wuce ta a durƙushe, ta ratsa tsakar gida, ta shiga zaure inda Alhaji yake zaune da maƙwabta masu zaman makoki. Tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa haɗa ido da shi ba, sai ran nan. Ta ajiye kwanon a gabansa, ta ɗage murfi.

"Baba, baƙonka ya rage. Kira mai ci."

Tsohon ya dubi kwanon. Maƙwabta suka sunkuyar da kai. Ita kuwa ta koma ɗaki ta soma ɗaure kayanta.